Katifar da Na Ba Ruwa

Ni ce na je har gida na fito da Sista zuwa bikin finafinan nan, da ƙafata da bakina, kuma ni na zaɓa mata kujera a layin gaba. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada wani ya ce sharri aka ƙulla mini. Babu wanda ya ƙulla mini komai.

Sista maƙwabciyata ce a Tudun Wada. Nas ce da ta yi ritaya, shi ya sa duk unguwa ake kiranta da haka, har mijinta. Ni kuma ta ce mini Malama, don na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a firamare. Layinmu gangare ne. Gidana shi ne na huɗu daga sama, nata kuma shi ne na ƙarshe a ƙasa, daidai inda lambatun layin yake shiga kwalbati ya bi ta ƙarƙashin titi. Mun fi shekara talatin tare. Ita tana zuwa coci ni ina zuwa Islamiyya, kuma ban tuna ranar da wannan ya taɓa shiga tsakaninmu ba. Abin da ke haɗa mu faɗa shi ne gishiri: ta ce zan kashe kaina da hawan jini, in ce mata miyarta sai ka ce ta marasa lafiya. Duk abin da ba zan iya gaya wa 'yan'uwana na jini ba, ita nake gaya wa.

Daminar da ta gabaci bikin, an yi wani ruwa da rana tsaka wanda har yau in an ce "ruwan nan" kowa a layinmu ya san wanda ake nufi. Kwalbatin ya toshe, ruwa ya rasa hanya, ya dawo da baya ya kwanta a jikin gidan Sista. Gidan ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. Bangon ɗakin da ke kallon lambatu ya jiƙa ya zube ta ciki, alhali mijinta, wanda muke kira Hedimasta, yana kwance yana hutun bayan cin abinci. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙashin ƙugunsa ya karye, kuma daga ranar bai sake taka ƙasa ba. Mutumin da ke zuwa har unguwar Kongo a ƙafa ya dawo a ƙafa don kawai ya karanta jarida da abokansa.

Ni na riƙa kai abinci asibiti. Ni na kwashe Sista na kawo ta ɗakina, ta yi mako uku har aka gyara nata. Kuma ni na tsaya a tsakar gidanta, gaban masu zuwa jaje, na wanke gwamnati tas, na haɗa da ɗan kwangilar da ya yi kwalbatin, na ce ramin ɓera suka haƙa suka kira shi hanyar ruwa. Mutane suna gyaɗa kai. Sista tana zaune a kan turmi, ba ta ce uffan ba. Na ɗauka damuwa ce ta rufe mata baki.

Wajen wata goma bayan haka, ana tsakiyar zafin bazara, wasu ɗaliban jami'a daga Kongo suka zo wurin mai unguwa da maganar bikin nuna finafinai a kan muhalli da sauyin yanayi. Kwana uku za a yi, kyauta, a ɗakin taron wata makaranta. Aka kafa kwamiti, aka sa wakilin liman da wani Rabaran da shugaban matasa. Sai mai unguwa ya ce a nemo mace mai baki wadda za ta fito da mata. Ba a yi doguwar tafiya ba aka iso ƙofata.

Na kuwa ɗauki abin da zafi. Na bi gida gida. Na gaya wa masu gida cewa da rana ne, daga bayan azahar zuwa kafin magariba, da hutun sallar la'asar a tsakani, kuma babu rawa babu waƙa. Da yake rana ce, sai da muka rufe tagogin ɗakin da tabarmi da tsofaffin zannuwa kafin hoto ya fito a allon majigi. Zafi kuwa ba a magana. Fanka biyu ne kawai ke juyawa, su ma sai janareta ya ga dama.

Ranar farko suka nuna mana wata ƙasa mai duwatsun ƙanƙara suna tsagewa suna faɗawa cikin teku. Wata ɗaliba ta tsaya gefe tana fassarawa. Wani Alhaji da ke sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa ya ɗaga murya daga baya ya ce wannan asara da me ta yi kama, ga kaya na narkewa a banza shi yana nan yana fama da wutar lantarki. Ɗaki ya kwashe da dariya. Gaskiya ranar mun ɗauki abin labarin wasu mutane ne can nesa.

Rana ta biyu dariyar ta ragu. Tafkin Chadi aka nuna, da jiragen masunta a kife a kan busasshiyar ƙasa, da wani dattijo yana nuna inda ruwa yake tsayawa a zamanin ƙuruciyarsa. Da aka buɗe fagen magana, tsofaffi suka ce ai mu ma mun gani: damina ta daina zuwa a kan lokacinta, in ta zo kuma ruwan mako guda take zubarwa cikin awa biyu. Ni ma na karɓi makirufo. Na yi wa mata faɗa a kan ledar ruwan sha da suke yarwa ko'ina, na ce ƙazanta ta yi mana yawa, na ce wasu ko kunya ba sa ji. Aka tafa mini sosai. Na koma gida ina jin kaina.

Da safiyar rana ta uku na sauka gidan Sista. Tun faɗuwar bangon ba ta zuwa ko'ina sai coci, shi ma a gurguje. Na gaya mata yau fim ɗin unguwarmu za a nuna, wanda ɗaliban suka ɗauka da wayoyinsu a daminar bara, kuma na ji an ce har da kwalbatin ƙofar gidanta. Na ce ta zo ta ga yadda za a tona wa gwamnati asiri a bainar jama'a. Ta ce ba za ta bar Hedimasta shi kaɗai ba. Shi kuma daga cikin ɗaki ya ce ta tafi, 'yarsu tana nan, kuma ya gaji da ganin fuskarta. Ta yi mini wani irin kallo mai tsawo, sannan ta ce to, tunda ni na ce ta zo, za ta zo.

Ni ban ga fim ɗin ba kafin ranar. Babu wanda ya gani a kwamiti. Ɗaliban sun tabbatar wa mai unguwa cewa sun dusashe fuskar duk wanda ya fito a ciki, ba za a gane kowa ba, shi ke nan muka amince.

Aka kashe fitila. Ga layinmu a allo, an ɗauko shi daga saman benen da ke kan kwana. Mata suka fara nuna gidajensu suna shewa. Sai a allon hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, iska ta taso, yayyafi ya fara. Sai ƙofofi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda bai zauna a irin unguwarmu ba sai an yi masa bayani. Mu ba mu da motar kwasar shara, juji kuma yana da nisa. Don haka kowane gida yana tara shararsa a bokiti ko buhu a bayan ƙofa, ana jiran ruwa. Da an ji ya kankama, lambatu ya fara gudu, sai a fito a juye, ruwa ya tafi da ita. Haka na ga uwata tana yi, haka na yi, haka na koya wa 'ya'yana. Ba ma cewa mun zubar da shara. Cewa muke mun ba ruwa. Matar da ta bari ruwa ya wuce ba ta fitar da shararta ba, ita ake yi wa kallon ƙazama.

To, shi ne ɗaliban suka ɗauka. Mata da bokitai, yara da kwanduna, kowa na sauri kada ruwa ya wuce shi. Fuskoki duk an dusashe su, gaskiya ne. Amma 'ya'yan nan ba su san unguwa ba. Mu nan ba da fuska muke gane mutum ba. Da ƙofarsa muke gane shi, da tafiyarsa, da bokitinsa. Kafin minti ɗaya ɗakin ya kaure, ana ga wance, ga matar wane, ana dariya har da riƙe ciki. Ni ma ina dariya, har na zunguri Sista da gwiwar hannu.

Sai ƙofa ta huɗu ta buɗe.

Wata mata ta fito da baya da baya, tana jan wani abu mai nauyi. Tana sanye da atamfa ruwan goro, ankon bikin 'yar Sista, wanda ni na zaɓo shi da hannuna a kasuwa. Ba ta da fuska, sai wani dunƙulen hazo a kan wuya. Abin da take ja katifa ce, ta soso, mai riga shuɗiya da furanni. Ta naɗe ta biyu, ta kai bakin lambatu, ta sa ƙafa ta tura. Ruwa ya karɓa. Matar ta tsaya ta kakkaɓe hannuwanta, ta leƙa ta ga ta tafi, ta koma ciki da gudu tana dafe ɗankwali.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na manta. Ko za a sa mini Alƙur'ani a ka, abin da zan faɗa ke nan: na manta. Kuɗin cizo ne suka cinye katifar, na shanya ta a rana, na zuba magani har na gaji, ɗana ya aiko mini da sabuwa. Tsohuwar ta yi kwanaki jingine a zaure tana jiran babban ruwa. Da ya zo na ba shi, na koma na ci gaba da tankaɗen garina. Bayan awa guda aka shigo da ihu cewa bango ya faɗa wa Hedimasta, na fita ko takalmi babu. Tun daga lokacin katifar ba ta sake faɗo mini a rai ba, ko sau ɗaya. A wurina abin da aka ba ruwa ya tafi ke nan, ya nufi rafin Kubanni ko inda Allah ya kai shi.

Wata daga baya ta ce, "Lah, Malama ce!" Aka yi dariya, amma ba kamar ta ɗazu ba.

Fim bai tsaya ba. Aka nuna ruwa ya cika titi. Aka nuna bangon a zube, da gado a ƙarƙashin ƙasa da kwanon rufi. Sannan aka nuna washegari, rana ta fito, samari sun shiga lambatu har ƙugu suna zaƙulo abin da ya toshe bakin kwalbatin. Leda, robobi, tsumma, wani karyayyen kwando. Duk waɗannan sun taru ne a bayan abu guda da ya gitta ya rufe ramin ruf. Mutum huɗu suka kama shi da igiya suka ja. Ya fito yana zubar da baƙin ruwa, ya kumbura ya yi nauyi, amma furannin rigar suna nan ana ganinsu. Mai ɗaukar hoton ya matso kusa, ya daɗe a kansu.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Na kasa juya wuyana in dubi Sista. Takalmanta kawai nake gani, ta haɗa su wuri guda, ba su motsa ba.

Da aka kunna fitila, ɗalibar da ke fassara ta fito da fara'arta ta ce ba don a ci mutuncin kowa aka yi fim ɗin ba, shi ya sa aka ɓoye fuskoki, kuma ko akwai mai magana? Ta ma miƙo makirufo ta wajena, tunda jiya ni na fi kowa zuba. Baiwar Allah, ba ta san komai ba. Rabaran ne ya yi sauri ya tashi ya karɓa, ya fara dogon bayani a kan yadda za a haɗu a nemi wurin zuba shara. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Sista ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce mini lokacin maganin Hedimasta ya yi. Ta fita ta tsakiyar mutane, suna ba ta hanya.

Na so in yi fushi da ɗaliban. Na ma fara, a hanyar gida, ina cewa wane ne ya ba su izinin ɗaukar matan aure a hoto. Amma fushin ya ƙi kama ni. Na shiga gida na zauna a zaure, daidai inda katifar ta yi kwanaki a jingine, har aka kira magariba.

Washegari da hantsi na sauka gangaren. Tafiyar da ba ta kai minti biyu ba, sai da na tsaya sau uku. Na same ta a tsakar gida tana wanke zanen gado. Na yi sallama, ta amsa, ta nuna mini kujera. Ban zauna ba. Na durƙusa a gabanta, ni da na girme ta da shekara biyu, na ce ta yafe mini don girman Allah, na ce ban san katifata ba ce sai jiya.

Ta tsame hannunta daga kumfa ta dube ni.

"Sai jiya?"

Na ce sai jiya.

"Malama, ina tsaye a wurin lokacin da suka jawo ta. Na dawo ɗaukar masa kaya ne daga asibiti. A kan katifar nan na karɓi haihuwar autarki, a kanta na yi miki ƙarin ruwa da kika yi taifot. Ko a cikin duhu zan gane ta."

Na zauna a ƙasa, a cikin ruwan wanki. Wato ta sani tun ranar. Ta sani lokacin da nake kai tuwo asibiti. Ta sani lokacin da ta kwana mako uku a ɗakina, a kan sabuwar katifar da ta maye gurbin waccan, ni ina ƙasa a tabarma ina jin ni mutuniyar kirki ce. Ta sani lokacin da na tsaya a wannan tsakar gida ina tsine wa ɗan kwangila.

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini ba. Ta ce ta ɗauka na sani, kunya ce ta hana ni magana. Ta ce kullum in na yi sallama sai ta ce a ranta yau Malama za ta faɗa, kuma ta riga ta shirya abin da za ta amsa mini, ta yi addu'a a kansa har ta samu ta sauke abin daga ranta. Ta ce jiya da na zo na matsa mata ta je kallo, ta ɗauka hanyar da na zaɓa ke nan in gaya mata, tunda bakina ya kasa. Shi ya sa ta bi ni.

"Ashe ba kunya ba ce," in ji ta. "Ba ki ma tuna ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar maigidana, ita kuwa ta mayar da hannunta cikin baho ta ci gaba da cuɗa zanen. Can ta ce ita ma ta ba ruwa shararta ranar, kamar kowa, ba za ta yi ƙarya ba. Ta ce batun yafiya kuma, nata mai sauƙi ne, don ita tana tafiya da ƙafafunta. Ta nuna ƙofar ɗaki da haɓa. Ta ce bai sani ba. Ba ta gaya masa ba, ta kuma hana 'ya'yan su gaya masa, amma yanzu duk Tudun Wada ta gani, kafin la'asar wani mai zuwa gaisuwa zai kawo masa. Ta ce gara ya ji daga bakina.

Na tashi, zanina sharkaf. Na isa bakin ƙofar na tsaya, na kama labule na kasa ɗagawa. Ina jin rediyonsa tana magana ƙasa ƙasa. Sai ya rage muryarta.

"Malama ce? Ai na ji muryarki tun ɗazu. Shigo mana, ki ja kujera. Sista ta ƙi ba ni labarin komai, wai kanta ke ciwo. Zauna ki faɗa mini tun daga farko, me suka nuna?"